Ɗaki da Fadama: Tunanin Ɗan Jahun a Kan Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Tun daga lokacin da annobar korona ta lafa, da wuya mako ya wuce mutum bai ji gidajen rediyo suna ba da labarin farfaɗowar yawon buɗe ido ba. Yau a ce ƙasa kaza ta karɓi baƙi miliyan kaza, gobe a ce wata ta samu kuɗin shiga irin wanda ba ta taɓa samu ba, jibi kuma a ce kuɗin kwana a otal ya yi tashin gwauron zabo a wani birni saboda baƙi sun yi wa ɗakuna yawa. Ni kuwa da aka haifa a ƙasar Jahun, na tashi cikin ƙanshin fadama da ƙarnin kifi, duk sa'ad da na ji irin wannan labari sai in tambayi kaina: shin ina namu rabon a wannan farfaɗowa? In kuma za mu farfaɗo ɗin, daga ina ya kamata a kamo bakin zaren?

Niyyata a wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa mai karatu abin da na fahimta, watau cewa baƙo ba don ɗakin kwana yake barin garinsu ba. Akwai abin da ya jawo shi, shi ɗakin biyo baya yake yi. A ƙasarmu ta kwarin kogin Haɗejiya, abin da ke jan baƙo shi ne ruwa da abin da ruwa yake tarawa. Saboda haka duk wata magana ta kuɗin shiga da farashin otal da ba ta faro daga ruwa ba, aikin baban giwa ce.

Lissafin Duniya

Bari mu fara da lissafin da ake yi a duniya, domin mu san inda muke tsaye. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawon buɗe ido ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 baƙi kimanin biliyan 1.5 ne suka tsallaka daga wata ƙasa zuwa wata. Da annoba ta sauka a 2020, aka rufe iyakoki, jirage suka daina tashi, sai adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100. A hankali abin ya riƙa murmurewa, har ya zamanto a 2024 an koma kimanin biliyan 1.4, kuɗin da waɗannan baƙi suka kashe kuwa ya haura dala tiriliyan 1.5. Daga ciki Afirka ta samu baƙi wajen miliyan 74. Maroko kaɗai ta karɓi miliyan 17.4, Masar kuma miliyan 15.7.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Bahaushe ba shi da hannu a wannan lissafi. Yana da shi, sai dai hannun mai biya ne. Aikin Hajji ibada ce, ba yawon buɗe ido ba, amma kuɗin jirgi da na masauki da alhaji yake biya suna shiga littafin kuɗin shigar ƙasar da ta sauke shi. A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. Da aka buɗe hanya, sai kujera ta riƙa hawa: wadda aka biya kimanin naira miliyan 1.5 a 2019 ta kai kusan miliyan 3 a 2023, a 2025 kuwa ta haura miliyan 8. Manomin Jahun da ya sayar da shinkafa da bijimai domin ya sauke farali, shi ya fi kowa sanin ma'anar tsadar masauki a ƙasar waje, ko da bai taɓa jin sunan waccan hukuma ba.

Ta fuskar masu shigowa kuwa, ciwonmu ya girmi korona. Tun a 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma a shekarun 1970 da 1980 Turawa matasa sukan ƙetaro Sahara a mota ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su zo su huta a Kano, su ga marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Rashin tsaro a hamada ya toshe waccan hanya. A 2012, shekarar da aka kai wa Kano mummunan hari a watan Janairu, kamfanin jiragen KLM ya daina zuwa Kano bayan shekaru masu yawa. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai a watan Maris na 2020, ana gama shi kuwa aka rufe filayen jiragen sama. Ashe ke nan lokacin da annoba ta kwantar da kasuwar wasu, tamu ta riga ta daɗe a kwance.

Tsada Iri Biyu

Duk da haka kuɗin kwana a otal-otal ɗinmu ya hau, kuma na ji masu cewa wannan alama ce ta farfaɗowa. A nan ya kamata a yi hattara, domin tsada iri biyu ce. Akwai tsadar da cunkoson masu saye yake kawowa, kamar yadda rago yake tsada ana jajibirin Babbar Salla. Akwai kuma tsadar da wahalar mai sayarwa take kawowa, kamar yadda hatsi yake tsada a shekarar fari. Ta farko ita ce ake gani a garuruwa irin su Marakish da Makka. Tamu ta biyun ce.

Na gane haka ne wata rana da na raka wani yayana wani babban gari neman magani, dare ya yi mana, muka nemi ɗaki a wani matsakaicin otal da ya taɓa sauka shekara biyu kafin nan. Da aka faɗa masa kuɗin, sai ya riƙe baki, domin ya kusa ninka abin da ya sani. Ya ce wa akawun, "Haba Malam, ko baƙi ne suka yi muku yawa haka?" Akawun ya yi murmushi, ya juya ya nuna mana allon da ake rataye mabuɗai, kusan duk suna nan a rataye. Ya ce, "Alhaji, ka ga baƙin nan. Ai ba ɗaki muke sayar maka ba, man janareta muke sayar maka." Tsakar dare kuwa aka kashe injin, muka kwana muna fifita da kwali.

Maganar akawun nan ta fi dogon sharhi. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati take sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu samun wuta sosai. Mai otal da ke da ɗaki talatin, baƙo biyar, dole ya ɗora kuɗin man talatin a kan biyar ɗin. Su biyar ɗin kuma in sun ji jiki, gobe uku ne za su dawo. Wannan kumburi ne, kuma mai hankali ba ya ganin kumburi ya ce ƙiba ce.

Masaukin Hausawa

Kafin in shiga maganar fadama, ya kamata mu tuna cewa saukar baƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma samun kuɗi ta hanyar saukar baƙo ma ba Turawa ne suka koya mana ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarƙashin madugu, zango-zango suke bi, a kowane gari kuma akwai fatoma, watau mai masauki. Fatoma yakan ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Ba ya cewa a biya shi kuɗin ɗaki. La'adarsa tana cikin cinikin da ya ƙulla. Har yanzu haka ake yi a kasuwar dabbobi ta Maigatari da sauran manyan kasuwanninmu, haka kuma ake yi a zangunan Hausawa na Ibadan da Kumasi.

Abin lura a nan shi ne, fatoma ya san ba don ɗakinsa baƙo ya zo ba, don kasuwa ya zo. Ranar da kasuwa ta mutu, ɗakin ya koma ma'ajiyar ƙaiƙayi. Shi ya sa fatoma yake kishin kasuwa fiye da yadda yake kishin ɗaki.

A gidanmu ma na tashi na tarar da zauren kakana bai taɓa rabuwa da tabarmar baƙi ba. Masunta masu bin ruwa, Fulani masu sauka fadama da rani, almajirai matafiya, duk sun kwana a zauren nan, kuma ba a taɓa tambayar ɗayansu ko anini ba. Kakana yakan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma na lura da wani abu da na girma: a shekarar da fadama ta cika, zauren ba ya isa, har sai an shimfiɗa wa wasu a ƙofar gida, a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, tabarmar a naɗe take wuni a jingine. Karamcin kakana bai sake ba ko sau ɗaya. Ruwa ne yake kawo baƙi, shi yake mayar da su.

Baƙin Hunturu

To, waɗanne irin baƙi ne ruwanmu yake kawowa daga ƙasashen waje? A garin Jahun dai, baƙin ƙetaren da muka saba gani likitoci ne, domin tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da na yoyon fitsari a babban asibitin garin. Aiki ne ya kawo su, Allah ya saka musu. Amma akwai wasu baƙin da suka riga su zuwa da dubban shekaru, ba su da fasfo, ba su taɓa tambayar farashin ɗaki ba, annobar 2020 ma ba ta hana su zuwa ba. Su ne tsuntsaye.

Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa arewa da mu. Da ya shigo ƙasar jigayi, inda ƙasa ta kwanta, sai ya rarrabu rassa-rassa yana malala tsakanin tuddan rairayi, har ya je ya haɗu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Cadi. Wannan malala ita ce ta haifar da babbar fadamar Haɗejiya da Nguru, inda masana suka ƙirga tsuntsaye fiye da iri 370. Wasu 'yan gida ne da muka sani, kamar ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da gauraka. Wasu kuwa, musamman ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo, daga Turai da Rasha suke tasowa in sanyi ya matsa musu. Sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara, su iso mana wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris.

Inda tsuntsun ya je, nan mai son tsuntsun yake binsa. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru da taimakon ƙungiyoyin kare halittu na gida da na waje, a 1989 kuma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo da kansa ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade domin ya ga waɗannan tsuntsaye. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Nijeriya. Dajin Baturiya na ƙasar Kirikasamma ya shiga jerin a 2008.

Wani baffana masunci ne, a ƙuruciyarsa yakan bi ruwa har ƙasar Guri da Nguru. Na taɓa jin ana cewa ya tuƙa Turawa a jirginsa, sai wata rana bayan la'asar na same shi yana gyaran koma, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, wai da gaske ne ka taɓa ɗaukar Turawa a kwalekwale?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana. Da sanyin hunturu suka zo, tun asuba muka shiga ruwa. Kowannensu da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a hannu. In tsuntsu ya tashi su duba, su rubuta. Wuni guda ba su ɗauki ko gashin tsuntsu ɗaya ba. Na ce wa tafintansu, to in ba ci za su yi ba, wahalar ta mece ce? Ya ce wai tsuntsayen garinsu ne suka biyo, su ga inda suke zuwa cin rani."

Na ce, "To a ina suka kwana, Baffa?"

Ya ce, "A gindin tsamiya suka kafa laimarsu. Kifin da na kama shi aka gasa musu. Abin da suka ba ni a kwana uku kuwa, ya fi abin da koma take ba ni a wata."

Ka ji fa, ya kai mai karatu. Mutanen da suka biya kuɗin jirgi tun daga Turai, a gindin tsamiya suka kwana, ba su yi ƙorafi ba, domin abin da suka zo gani yana nan.

Inda Ruwan Ya Tafi

Yanzu sai mu tambaya, abin da suka zo gani yana nan har yau? Yana nan, amma ya rame. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin da Jahun da Haɗejiya suke cikinta, an yi manyan ayyukan ruwa, mafi girmansu madatsar Tiga da aka gama a 1974. Daga baya aka gama ta Calawa a 1992. Ba wanda zai musa amfaninsu: birnin Kano yana shan ruwansu, manoman Kadawa da Kura suna noman rani da su, haka ma na wajen Auyo. Amma ruwan da aka tare a sama, an rage shi ne daga rabon na ƙasa. Malalar da takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 ta koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980, bayan madatsa da farin 1973 da na 1984 sun haɗu a kanta. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadama take bayarwa ta noma da su da itace, suka tarar cewa in aka kwatanta da yawan ruwan da ake sha, amfaninta ya fi na noman ranin da aka tare ruwan dominsa nesa ba kusa ba.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni tunani shi ne, a wannan zamani ne kuma aka gina otal-otal na alfarma domin jawo baƙi: na bakin tafkin Bagauda, da Rock Castle da ke kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Niyya kyakkyawa ce. Sai dai na Bagauda daga baya an mayar da shi reshen makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuma ya shafe shekaru baƙi ba su cika shi ba. An gina ɗaki a inda aka tare ruwa, alhali abin kallon da duniya ta san mu da shi yana can ƙasa yana jiran ruwan.

Ɓarnar ba ta tsaya ga raguwar ruwa ba, har yanayin zuwansa ya sake. A da, kogi yakan cika da damina ya malala, da rani ya janye ƙasa ta sha iska. Yanzu da ake sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, hanyoyin ruwa ba sa bushewa, sai ciyawar nan kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe rassan kogi, yashi ya taru a gindinta, jirgin masunci ba ya ratsa ta. Saboda haka wani wuri ya bushe ƙurmus, wani wuri kuma ruwa ya kwanta a gonaki ya ƙi tafiya. In aka yi damina mai ƙarfi kuwa, ruwan da ya rasa hanya sai ya faɗa gari, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a ƙananan hukumomi da yawa na Jigawa, har da tamu. Daɗin daɗawa, cikin kacallar nan ne jan-baki yake kwana, da safe ya tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa. Manomin da 'ya'yansa suka wuni suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsu, in ka zo ka ce masa tsuntsu arziki ne, kallon mahaukaci zai yi maka, kuma yana da hujja.

Kura da Shan Bugu

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: in baƙin sun dawo, aljihun wa kuɗin zai shiga? A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗejiya da Nguru da Bade cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman saboda halittunsu, a ƙarshen shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da fadamar Haɗejiya gandun daji na ƙasa. Abin farin ciki ne. Amma gandu yana zuwa da doka: kada a sari itace a nan, kada a yi kiwo a can, kada a kafa tarko. Wanda dokar za ta hau kansa shi ne mai yankan kaba da makiyayi da masunci. In ya zamanto baƙo zai sauka a jirgi a Abuja, kamfanin birni ya ɗauko shi a mota da abincinsa a cikin kwali, ya kalli tsuntsu awa biyu ya koma ya kwana a otal ɗin birni, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin da aka hana, ba a kuma ba shi komai ba, da dare zai shiga dajin, kuma ba mai gadin da zai iya tsare shi.

Akwai darasi a maƙwabta. A Gambiya, ƙaramar ƙasa wadda masu kallon tsuntsaye daga Turai suke tururuwa zuwa cikinta da hunturu, samarin ƙasar ne suka koyi sunayen tsuntsaye da kukansu, suka kafa ƙungiya, su ne jagororin baƙi, kuɗin jagoranci a hannunsu yake faɗawa. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, mutanen ƙauyuka sun zauna lafiya da raƙuman dawa duk da suna taɓa musu wake, saboda 'ya'yansu ne masu kai baƙi kallo. Amma a can ɗin ne kuma, a watan Agusta na 2020, 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, kasuwar ta mutu a rana ɗaya. Darasin biyu ne ke nan: abin da jama'a suke ci daga gare shi suna tsare shi, kuma baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ransa, ko da kyauta za a ba shi ɗakin.

Kammalawa

A ganina, in ana son kwarin Haɗejiya ya samu rabonsa, sai a bi abin daki-daki. Na farko, ruwa. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ita ke riƙe da mabuɗin madatsun nan, kuma masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da kogi ya saba cika, a rage shi da rani, domin fadama ta koma numfashinta na da. A haɗa wannan da yashe hanyoyin ruwa da yankan kacalla, aikin da mutanen ƙauyuka suka daɗe suna yi da gayya da lauje, ƙarfinsu bai kai ba. Ko baƙo ɗaya bai zo ba, wannan aiki ya biya kansa da kifi da shinkafa da makiyaya.

Na biyu, a tayar da fatoma. Ɗakuna huɗu masu tsabta a ƙauyen bakin fadama, da gidan sauro da makewayi mai kyau da fitila mai aiki da hasken rana, ba sa shan man janareta, saboda haka kuɗinsu ba zai kori kowa ba. Mai jirgi ya samu, mai tuwo ta samu, mai saƙar tabarma ta samu, yaron da ya san inda ɗinya take kwana shi ma ya samu.

Na uku, kada mu zauna jiran Bature. Baƙon farko shi ne na gida. Ɗalibai nawa ne a Kano da Dutse da Zariya suka karanta labarin hijirar tsuntsaye a littafi, ba su san cewa tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsu da ganin abin da idonsu ba? Gani ya kori ji. Mu kuma masu nazarin harshe akwai namu aikin, domin sunayen tsuntsaye da na kifaye da na kayan su suna bakin tsofaffi irin baffannin masunta, ba a rubuta da yawa daga ciki ba, kuma jagoran da bai san sunan abu da harshensa ba, ba zai iya nuna wa baƙo shi ba. In na gida ya saba zuwa yana komawa lafiya, labari zai kai wa na nesa.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duniya ta koma yawo, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai buɗe taswira ya tambayi inda tsuntsayen garinsu suke cin rani. Ranar da ya iso, ba zai fara da tambayar nawa ne ɗaki ba, zai ce a kai shi bakin ruwa. Allah ya sa ya tarar da ruwan, ya kuma tarar da mu a bakinsa muna da abin da za mu nuna masa.